Zagayen tsoffin gidajen Balad a Jidda tare da ɗan jagora

Yawancinmu mazauna Jidda kasuwa ce ke kai mu Balad, tsohon garin Jidda: turare, yadi, dabino, tsarabar alhazai. Yanzu akwai 'yan jagora masu lasisin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido da ke zagayawa da mutane a ƙafa, awa biyu zuwa uku, suna ba da tarihin gidajen da na masu su. Hidimar ta cancanci kuɗinta idan aka dace da wanda ya san gini. Wanda sunaye da shekaru kawai ya haddace, allon da ke ƙofar gida ma zai ba ka abin da zai ba ka.

Tsohon garin unguwa huɗu ne: Haratus Sham, Haratul Mazlum, Haratul Yaman da Haratul Bahar. Zagaye mai kyau yakan fara daga Bab Jadid a arewa, ya ratsa ta Masallacin Shafi'i, ya ƙare a Kasuwar Alawi, inda Baitu Nasif yake. An gina shi tsakanin 1872 da 1881 domin Umar Nasif, wakilin Sharifin Makka a Jidda, kuma nan Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shiga garin a 1925. Darbejiyar da ke ƙofarsa ce ta sa ake ce masa gida mai bishiya, tun zamanin da itace ke wuyar gani a cikin ganuwa. Ka lura da matakalarsa: faɗi gare ta, hawanta a kwance, domin raƙumi ya iya kai kaya da ruwa benen sama. Dubban littattafan da Shehu Muhammad Nasif ya tara a gidan suna Jami'ar Sarki Abdul'aziz yanzu. Akan kuma tsaya a Baitu Matbuli, da Baitu Ba'ishin na iyalan nan masu shayin Rabea.

Inda ake gane gwani shi ne gindin bango. Da dutsen murjani aka gina gidajen, wanda magina ke kira manƙabi, ana haƙo shi a bakin teku da kewayen tafkin Arba'in. Ba shi da nauyi, amma yana da laushi da ƙananan ramuka, yana shan ruwa. Shi ya sa bayan kowane layi biyar ko shida, kimanin mita guda, ake shimfiɗa katako a cikin bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sunansa takalil. Yana raba nauyi daidai a kan ƙasar da ba ta da ƙwari, yana hana tsaga ta wuce daga ƙasa zuwa sama, kuma idan dutsen ƙasa ya rube ana iya tokare katakon a canza duwatsun ba tare da an rushe na sama ba. Sannan a shafe waje da nura, farin shafen da ke barin laima ta fita. Rufin ɗaki kuwa sandunan gandal ne da ake kawowa ta teku, kuma tsawonsu ne ke yanke faɗin ɗaki, kamar yadda azara ke yi a ginin soro.

Rawashin, tagogin katakon nan masu turowa waje, su ne kowa ke ɗauka hoto. Jagora nagari zai shigar da kai ciki ka zauna, ya ɗaga marfin ka ji iskar teku na shigowa, ya nuna maka gurbin da ake ajiye tulu ruwa ya yi sanyi, da yadda matan gida ke ganin titi ba a ganin su.

Ka tambaye shi me ya sa wasu gidajen ke tsaye da tokarar ƙarfe. Bayan an rushe ganuwa a 1947 masu gidajen sun koma sababbin unguwanni, aka ba da ɗakuna haya, ƙasan gidajen ya zama sito. Gyaran da aka riƙa yi da siminti ya toshe laima a cikin dutse, gishiri ya taru, bango ya kumbura. Ɗigar na'urar sanyaya ɗaki da yoyon famfo suka ruɓar da takalil, tsofaffin wayoyin lantarki suka jawo gobara. UNESCO ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, kuma a 2019 aka ware riyal miliyan 50 domin ceto gidaje 56 da ke daf da faɗuwa.

Hidimar 'yan jagoran na da babban rauni ɗaya: tarihin attajirai kawai ake bayarwa. Wanda ya sassaƙa dutsen, wanda ya hau da ruwa bene huɗu, bayi da barorin da suka kwana a ƙasan gidan, ba a cika ambatonsu ba. Haka ma 'yan Afirka ta Yamma, da Hausawa a cikinsu, waɗanda aikin hajji ya kawo suka zauna a bukkokin Nakatu a bayan ganuwa, suna shiga gari dako da ga-ruwa. Su ma mutanen waɗannan lungunan ne, kuma bai kamata jikokinsu su biya kuɗi a zagaya da su ba tare da an faɗi haka ba. Ka yi tambayar da bakinka, don wasu 'yan jagorar sun sani, ba sa faɗa ne sai an nema.

Kafin ka biya, ka tabbatar gidaje nawa za a shiga, ba a tsaya a ƙofa kawai ba, da kuma ko kuɗin shiga yana cikin farashin, domin ba kullum kowane gida ke buɗe ba. Ayari kada ya wuce mutum goma, in ba haka ba na baya ba ya jin komai a lungu. Bayan la'asar ya fi, musamman daga Nuwamba zuwa Maris. A daren Ramadan cunkoso ba ya barin bayani. Da Larabci ko Turanci ake yi, don haka baƙon Umara da Hausa kaɗai yake ji yana bukatar mai fassara. Dattijo mai ciwon gwiwa ya tsaya a Baitu Nasif, matakalar sauran gidajen a tsaye take, ga ƙunci.