Gargaɗi: fayafai guda 4 "sabbi dal", ashe sun fi shekara uku suna aiki

Duk mai shirin haɗa sabar ajiya ta NAS a gida ya dakata ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗi. Fayafan ajiya guda 4 na saya, Exos na kamfanin Seagate masu 12TB, wai sabbi dal a leda. Guda 4. Wanda ya fi ƙarancin aiki a cikinsu ya yi awa 26,955 a kunne, babbansu kuwa awa 31,208. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, ku buga lissafin da kanku. Shekara uku cur suna juyawa dare da rana, ɗayan har da rabi a kai, ni kuma kuɗin sabbi na biya. Hotunan allo suna nan a ajiye, na hirata da mai sayarwar da na gwajin duka, zan ɗora su.

Kafin wani ya zo yana ce mini "ai da ka duba SMART", wato bayanan lafiyar da faifai ke ajiyewa game da kansa, na duba. Wallahi na duba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, domin ba da ka na yi cinikin nan ba.

Tambayar farko da na yi wa mai sayarwar ita ce: CMR ne ko SMR, wato wane salon rubutu faifan ke amfani da shi? Da ita nake tace masu sayarwa, domin wanda bai san kayansa ba a nan yake fara kame-kame. Shi kuwa ko minti ɗaya bai ɗauka ba ya ce, "Ranka ya daɗe, CMR ne, ai ba a sa SMR a RAID." A nan ya gama da ni. Har yanzu ina komawa kan wannan saƙon ina sake karantawa. Ba a sa SMR a RAID. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na saki jiki. RAID dai shi ne haɗa fayafai su yi aiki tare, ta yadda in ɗaya ya mutu bayanai ba za su ɓace ba. A faifan SMR ana ɗora layukan rubutu ne gefen wannan a kan gefen wancan, kamar jeren kwanon rufi, don a samu ƙarin wuri. In za a canja layi ɗaya sai an sake rubuta na kusa da shi, a CMR kuwa kowane layi zaman kansa yake. Faifan yana da ɗan wurin da yake tara sabon rubutu na wucin gadi, kuma muddin wurin bai cika ba ba za ka ga komai ba. Ranar da faifai ɗaya ya mutu aka shiga sake gina RAID, rubutu ya yi ta zuba awa da awanni, sai wurin ya cika, gudu ya faɗi warwas, har na'urar ta ɗauka faifan ya mutu ta cire shi daga jerin. Wannan ne ya tayar da ƙura a 2020, lokacin da aka gano wasu fayafan WD Red na kamfanin Western Digital daga 2TB zuwa 6TB SMR ne, har daga baya aka fito da sunan Red Plus don a bambanta masu CMR. Mutumin nan ya san duk wannan. Na ce wanda ya san wannan ai ɗan gari ne.

Sai ya turo hoton SMART. Lamba ta 9, awannin da faifai ya yi a kunne: 0. Lamba ta 5, gurabun da suka lalace aka musanya: 0. Lamba ta 197 da ta 198, gurabun da ake zargi da waɗanda suka ƙi karantuwa: 0 da 0. Na ɗauki lambar siriyal da ke jikin hoton na sa a shafin garanti na kamfanin da ya ƙera faifan, ta nuna shekara biyar ɗinta kusan cif. Me kuma ya rage in duba? Ku gaya mini.

Abin da ban yi ba ɗaya ne, kuma shi ne kunyar. Da kayan suka iso ban kwatanta siriyal ɗinsu da ta hoton ba. Ashe faifan da ke hoton sabo ne na gaske, shi ne na nuni, kuma ba ya cikin guda 4 da aka aiko mini. Ko ɗaya.

Mako uku da haɗa su, RAID 6, wato 24TB na amfani, sauran 24TB na kariya, gwajin karanta dukan bayanai ya fito da gurabu 8 masu jiran hukunci a lamba ta 197 a faifai na uku. Kwana biyu suka koma 40. A'a, bari in koma baya, tun ranar farko na ga alama. Ina ɗaura faifai na biyu a tirensa na lura bakin ramukan sukuru na gefe sun ɗan yi ƙyalli, kamar an taɓa ɗaure ƙarfe a wurin an kwance. Haƙoran zinaren da kebul ɗin SATA ke shiga su ma akwai siraran layuka a kansu. Na ce ƙila gwajin masana'anta ne. Na kunna su, SMART ya ce awa 0 a dukansu, na yarda da allo na ƙaryata idona. Ledar ma like take tsaf, amma na'urar like leda ai ba wuyar samu gare ta ba.

Ga yadda damfarar take, don ku gane. Alƙaluman SMART ajiye suke a wani keɓaɓɓen sashe na faifan, kuma masu kayan aiki suna iya mayar da su sifili, kamar yadda ake juya mitar mota. Amma fayafan Seagate irin su Exos da IronWolf suna da rajista ta biyu mai suna FARM, wadda ke riƙe nata lissafin daban. Manhajar smartmontools tun daga siga ta 7.4 tana karanta ta da umarnin smartctl -l farm /dev/sda, ka canja sda da sunan naka faifan. Ka jona shi kai tsaye ta SATA, domin wasu akwatunan USB ba sa barin irin wannan umarni ya wuce. SMART ya ce wajen awa 500, wato mako ukun da na yi da su. FARM ya ce 26,955, 27,390, 27,412 da 31,208. Na sake bugawa sau uku ina fatan ni ne na yi kuskure.

Ba sabon salo ba ne ma. A farkon 2025 kafar labaran fasaha ta Heise a Jamus ta bankaɗo irin wannan, masu saye da yawa suka samu Exos da aka goge wa SMART aka sayar musu a matsayin sabbi, ana kuma zargin da yawansu daga gonakin haƙar kuɗin kirifto na Chia suka fito, wanda ya yi tashe a 2021. Ba kamfanin da ya ƙera su nake tuhuma ba, mai sayarwar nake tuhuma. Na san labarin. Na karanta shi a lokacinsa. Amsar CMR ɗin nan ce ta mantar da ni.

Da na sa siriyal ɗin gaskiya a shafin garanti, biyu sun nuna saura ƙasa da shekara biyu, biyu kuma suka nuna an sayar da su ne a cikin na'urar wani kamfani, babu garanti kai tsaye. Na tura masa. Da farko ya ce kwamfutata ce ke da matsala. Sai ya ce wai na gyaran masana'anta ne. Ƙarya ce, wanda masana'anta ta gyara rubuce yake ɓaro-ɓaro a sitikarsa, kuma shi "sabo dal" ya rubuta mini, ina da hoton. Kafin wannan ma ya yi alkawarin canja na ukun, ko bayan nan ne, oho, duk a rana ɗaya ne. Yanzu dai ya toshe ni. Allah ya isa.

Wani zai ce ai suna aiki, mene ne abin tayar da jijiya? Tsohon faifai ba laifi ba ne in an faɗa maka tsoho ne, ka saya da sanin ka, ka tsara kariyarka a kan haka. Matsalar ita ce guda 4 ɗin nan tsaransu ɗaya, ga alama wahala ɗaya suka sha a wuri ɗaya. Sake gina faifai mai 12TB yana cin wajen awa 18 in komai ya tafi daidai, yakan kuma wuce yini guda in ana amfani da sabar, kuma duk tsawon lokacin sai an karanta sauran fayafan daga farko har ƙarshe. A daidai nan tsofaffi suke bin juna. RAID 6 na jure mutuwar biyu, na uku ya tafi da komai. Da RAID 5 na yi, na biyu kawai ya isa. Bayanan dai suna da kwafi a wani wuri, domin RAID bai taɓa zama madadin kwafin ajiya ba, amma guda 4 fa. Awa 31,208.

Shawara, ga mai so. Siriyal ta sitika, da wadda manhaja ta nuna, da ta rasit, su zama ɗaya, kowane faifai kuma a duba garantinsa daban. A dubi ranar ƙira a sitika, da ramukan sukuru, da haƙoran SATA. A karanta FARM ranar da kaya suka iso, sannan dogon gwaji da smartctl -t long kafin a zuba ko fayil ɗaya. In kun ga manyan lambobi a lamba ta 1 da ta 7 na SMART a faifan Seagate kada ku firgita, haka yake lissafinsa, haka ma 12TB da ke fitowa 10.9 a allo. Kada a biya ta hanyar da ba a iya dawo da kuɗi.

Hotunan suna tafe da zarar faifai na huɗu ya gama gwajinsa, saura kashi 30.