Rani guda da tiyon ɗiga a lambun bayan gidana

Ciwon baya ne ya sa na sayi wannan tiyo. Shekara huɗu ina jan guga safe da yamma saboda fangali shida na latas da kabeji da karas a bayan gidanmu da ke Bukuru, har uwargida ta fara cewa lambun ya zama kishiyarta. Wani mai shagon kayan noma a cikin Jos ya nuna min irin tiyon nan baƙi siriri, mai ƙananan huji kowane santimita 30, wanda ke ɗiga ruwa daidai gindin shuka. A kwalin akwai tiyon da mataci da makunni da mahaɗai. Duro da abin ɗora shi kuwa, kai za ka nema.

Na kafa shi a farkon Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwan sama. Duron lita 200 na ɗora a kan bulo, tsayin ƙirjina, don nauyin ruwan da kansa ke tura shi, ba a buƙatar inji ko wutar lantarki. Yini guda aikin ya ci, rabinsa ma a neman mahaɗi ɗaya da bai zo a kwalin ba.

Wanda bai zauna a nan ba zai yi mamakin abin da ƙasar ke bayarwa. Jos tana sama da mita 1,200 daga gaɓar teku, shi ya sa dankalin Turawa da kabeji da sitiroberi ke yi, kuma kasuwar Farin Gada ba ta rabuwa da ɗanyen ganye. Sai dai hunturunmu mayaudari ne. Da asuba sanyi har haƙora na karo, ka ɗauka ƙasa na da laima, alhali iskar ta tsotse ta tas. A nan tiyon ya biya kuɗinsa. Duro ɗaya da safe yana isar fangalin duka, ganye ba ya jiƙa, kuma ciyawa ta ragu sosai tunda tsakanin layuka a bushe yake. Karas ɗin da a da ke tsagewa saboda yau ƙishi gobe ambaliya, bana sumul ya fito.

To, ga inda ya ba ni haushi. Matacin da suka haɗo da shi wasan yara ne. Ruwan rijiyarmu yana da jan laka, musamman daga Fabrairu in ta ja baya, kuma cikin mako uku hujin ƙarshen layi suka toshe. Ban ankara ba sai da kabeji huɗu suka langaɓe. Na koma shagon, mai shi ya ce, “Alhaji, ai ruwanka ne bai da kyau.” Gaskiyarsa, amma da ya faɗa tun ranar ciniki. Dabarar da na yi ita ce in cika duro da daddare lakar ta kwanta, in ɗaura tsohon ɗankwali a bakinsa, sannan duk Juma'a in buɗe ƙarshen kowane layi ruwa ya wanke shi. Duron kuma ya zama mai duhu da murfi, in ba haka ba gansakuka za ta cika shi. Ɓeraye ma sun gano akwai ruwa a cikin tiyon, sau biyu suna huda min shi.

Tiyon bai hana latas abin da ya saba ba. Da zafin Maris ya shigo sai ya miƙe ya yi fure, ganyen ya yi ɗaci, duk da ruwa na zuba a gindinsa. Wannan sai inuwa da ciyawar rufe ƙasa.

Ruwan farko na sauka a Afrilu na kwance tiyon, na wanke, na naɗe, na rataye a rumbu inda ɓera ba ya kaiwa. Damina a Filato matsalarta yawan ruwa ne, sai ɗaga kunya da yanke magudana, ga cutar da ke baƙanta ganyen tumatir da dankali a Yuli da Agusta. Wata biyar zuwa shida ke nan tiyon yake aiki a shekara. Mai ruwan famfo ko burtsatse mai tsabta ya saya kansa tsaye. Mai rijiya irina kuwa ya fara tambayar kuɗin babban mataci kafin ya taya tiyon.