Hattara da mai hayar motar bogi a Zanzibar: ya cinye min shilin 900,000

Kwana tara ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Jiya da daddare na leƙa Instagram na ga shafin mutumin nan yana nan daram, har ya ɗora sabon hoton mota, sai na ce gara a yi min dariya da a sake cutar wani.

Shilin 900,000 na Tanzaniya, wajen dala 345 ke nan a canjin lokacin. Ni da na tashi a Kano, na yi yaron shago a Kantin Kwari tun ina sakandare, ni aka yi wa wannan sakiyar da ba ruwa.

Shekarata biyu ina aiki a Unguja, babban tsibirin Zanzibar, ba ni da mota, daladala, wato ƙananan motocin bas na haya, nake hawa kamar kowa. Abokina na ƙuruciya ya ce zai zo ya yi mako guda. Ya sha wahalar biza, ya biya inshorar dala 44 ɗin nan da aka wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024, ya sayi tikiti. Na ce masa, "Mutumina, kai dai ka iso, sauran nawa ne." Da bakina na faɗa. Na tsara kwana biyar a mota: mu tashi daga Stone Town mu yi arewa zuwa Nungwi da Kendwa, mu sauko dajin Jozani ya ga jajayen biran nan, mu kwana a Paje ko Jambiani, mu ƙare a Kizimkazi. Kizimkazin ce ma ta kawo shi, don akwai tsohon masallaci a can mai rubutun Kufi, wani tsohon salon rubutun Larabci, da ke ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1107, shi kuma mayen tarihi ne.

Kada wani ya ce ban bincika ba. Na bincika. Shafin mai hayar motar da na samu a Instagram yana da mabiya masu yawa, ga hotunan Turawa riƙe da makulli suna murmushi. Farashinsa dala 35 a rana kan Suzuki Escudo, ba arhar da za ta sa ka zargi ba ce, haka ake bayarwa. Na ce sai na ga motar, ya kira ni ta bidiyo a WhatsApp, ya zagaya ta, ya buɗe ƙofa, ya nuna min lambarta, ga wasu motoci jere a bayansa. Shi ne ma ya tuna min cewa lasisin Najeriya kaɗai ba ya isa, sai an karɓi takardar izinin tuƙi ta Zanzibar, kuma 'yan sanda suna tambayarta a shingayen hanya. Gaskiya ya faɗa, haka abin yake. To wane ne zai ji wannan ya ce ɓarawo ne?

Amma ba wannan ne ya kama ni ba. Muna cikin magana aka kira magariba, ina jin kiran sallar ta wayarsa. Sai ya ce, "Ndugu yangu, bari in yi salla in sake kiranka." Ɗan'uwana, wai. Kuma ya kira, bayan minti ashirin. Na ce bari in tura kuɗin duka a wuce wajen, ya ce a'a, kada in biya duka, in bari sai na ga mota da idona. Shi ya hana ni! Wannan maganar ita nake ta juyawa a raina, ko a kan sallaya ba ta barina. Mutumin da ya ce kada ka ba shi kuɗi. Na ajiye waya na ce wa kaina, Alhamdulillahi, har yanzu akwai mutanen kirki.

A daren na tura 450,000, kuɗin hayar. A'a, tsaya, na izinin tuƙi na fara turawa, 60,000 na mu biyu, tare da hoton lasisina da na abokina. Wannan ma wani ciwon ne, lasisinmu yana hannun ɗan damfara. Washegari ne na tura 450,000 ɗin. Sai ana jibi abokina zai sauka, ya kira da muryar damuwa, wai maigidansa ya ce ba za a kai mota filin jirgi ba sai an biya kuɗin ajiya, 390,000, za a mayar min ranar da na dawo da mota. Har haƙuri yake ba ni. Na tura. Ku haɗa da kanku: 60,000 da 450,000 da 390,000. Shilin 900,000 cif. Wanda ya ce kada in biya duka, ashe sai da na biya fiye da duka.

Sunan da ya fito a lambar da na tura wa kuɗin na mace ne. Na gani. Na tambaya, ya ce matarsa ce ke riƙe da asusun. A nan kam na yarda na yi sakaci, amma mutum nawa ne a Kano ke ba ka lambar asusun ƙaninsa ka tura, kuma kaya su iso lafiya?

Ranar, na riga jirgi isa filin Abeid Amani Karume da awa guda. Abokina ya fito da jakarsa da ledar kilishin da ya riƙo min, muka rungume juna. Ya ce, "Ina motar tamu?" Na ce tana hanya. Na kira, aka ce yana Mwanakwerekwe, cunkoso ne, minti goma. Muka koma inuwa. Na sake kira, taya ta yi faci. Kira na uku waya a kashe. Awa uku muna tsaye, masu tasi tun suna yi mana tayi har suka gaji suka koma kallonmu. Na buɗe WhatsApp na ga hotonsa ya ɓace, ya toshe ni. Abokina ya dube ni, ya dubi wayar, ya ce, "Mutumina, ko dai an yi mana ne?" Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Af, na manta, tun daren da ya gabata ya turo min hoton izinin tuƙin, da sunana a jiki. Na bogi ne shi ma.

Da lambar motar na gano wajen da ya yi bidiyon. Kamfanin haya ne na gaske, motar ma tasu ce, na gan ta a ajiye, na taɓa ta da hannuna. Suka ce ba ma'aikacinsu ba ne, hotunansu yake kwasa, kuma ba ni ne na farko da ya zo da wannan kukan ba. Yadda aka yi ya shiga harabarsu ya buɗe mota, kowa ya ɗaga kafaɗa. Na kai ƙara, aka rubuta, aka ce min "pole sana", wato sannu. Sannu ba ta sayen fetur. Kuɗin kuwa an cire su tun a ranar da na tura.

Yawon dai mun yi abin da ya samu. Muka hau daladala daga Darajani zuwa Nungwi, tafiyar kilomita kusan 60, gwiwa na gugar gwiwa, ga bokitin kifin wata baiwar Allah a kan ƙafar baƙona. Jozani da Paje tasi muka ɗauka, shi ya biya, baƙon da na ce wa sauran nawa ne. Kizimkazi ba mu je ba, aljihu ya riga ya bushe. Ya koma Kano bai ga masallacin ba, kuma ko sau ɗaya bai yi min gori ba. Da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ina da hotunan hirarmu duka, da saƙonnin tura kuɗin guda uku, da muryarsa yana rantsuwa da Allah. Zan ɗora su da zarar na rufe lambar lasisinmu.

In za ku yi hayar mota a Zanzibar, ku taka ku je ofis, kada ku tura ko sisi sai makulli yana hannunku, kuma in suna bai yi daidai da lamba ba ku gudu.

Shilin 900,000. Ban yafe ba, Allah ya isa. Kilishin ma har yau na kasa buɗe shi.