Na netwok da na kiri: yadda shirye-shiryen talabijin na farko suka riƙa yawo a Amurka

Ɗan'uwa da ka yi tambaya kan mene ne bambancin shirin da ake cewa na netwok ne da wanda ake cewa na sindikeshan a farkon zamanin talabijin ɗin Amurka, kuma wanne ya fi tasiri, ga amsa. Ni na fi son in kira na biyun kiri, don wallahi haka abin yake, tasha-tasha ake bi ana tallarsa.

Netwok dai ka san shi ko ba ka san sunan ba, kamar yadda ƙarfe tara na dare take yi tashoshin NTA duk su jona da hedkwata a ji labarai tare. Can su huɗu ne a lokacin, NBC da CBS da ABC da DuMont. Yawanci a New York ake yin shirin kai tsaye, a turo shi ta wayar kamfanin AT&T, kowace tasha da ke cikin haɗakar ta saka shi a sa'a ɗaya. Kamfani ɗaya ne kan ɗauki nauyin shiri gaba ɗaya har a laƙa masa sunansa, shi ya sa shirin ɗan wasan barkwanci Milton Berle da ya fara tashe a 1948 duk daren Talata a NBC ake ce masa Texaco Star Theater, Texaco ɗin kamfanin mai ne.

Toh amma fa wayar ba ta kai ko'ina ba. Sai Janairun 1949 ta haɗa gabas da yankin Chicago, sai Satumbar 1951 ta taɓo California. Garin da waya ba ta je ba sai a yi musu kiniskop, wato a kafa kyamarar fim a gaban allon talabijin ta ɗauki abin da ke fita, a wanke a aika musu, hoto dishi-dishi murya a shaƙe, su gani bayan sati ɗaya ko biyu. Ga kuma FCC, hukumar da ke kula da harkar sadarwa a Amurka, ta dakatar da ba da lasisin sabbin tashoshi daga 1948 har 1952, ƙasar gaba ɗaya tashoshi 108, garuruwa da yawa tasha ɗaya tal, ita kuwa NBC ko CBS za ta fifita, wannan na cikin abin da ya karya DuMont har ta rufe a 1956.

Na kiri kuma ba ruwansa da waya. Gogan wannan harka shi ne Frederick Ziv, mutumin Cincinnati, wanda tun a rediyo yake ɗaukar shiri a faifai yana sayarwa. Da talabijin ta zo sai ya ɗauki shirinsa a kan fim, ya tura yaransa gari-gari, su sayar wa tasha ko su samu mai gidan burodi ko banki na garin ya saya ya sa tallarsa a gurbin da aka bari. Shi ya sa shiri ɗaya a wannan garin ranar Litinin ne a wancan ranar Alhamis, kuma mai tallar daban. Gwangwanin fim ɗin ma yawo yake, tashar da ta gama nunawa ta rufe ta aika wa ta gaba, su suna kiran wannan da hawa keke. Abin da ke burge ni da mutumin nan shi ne The Cisco Kid, fim ɗin kaboyi da ya fara a 1950, kashi 156, ya ɗauke shi da kala alhali ba mai akwatin kala a gida, ya san ranar za ta zo kuma kayansa za su sake sayuwa. Shirinsa na Sea Hunt ma manyan netwok suka ƙi karɓa, ya fita da shi ta kiri a 1958 ya karɓu sosai.

In ka jera su, ta fuskar kuɗin shiryawa da manyan taurari da lokacin da kowa ke gida da daddare netwok ce ke gaba nesa ba kusa ba, na kiri sau da yawa a gurguje ake yinsu da kuɗi kaɗan kuma sai gurbin da netwok ta bari suke samu. Ta fuskar 'yancin tasha kiri ya fi, ita ke zaɓar rana da sa'a. Ta fuskar tsawon rai kuwa ba a ma haɗawa, shirin kai tsaye in an gama an gama, bidiyo tef na kamfanin Ampex sai 1956 ya fito kuma saboda tsada gogewa ake yi a sake ɗauka a kai. Abin yana min ciwo gaskiya, mafi yawan abin da DuMont ta yi ya salwanta, aikin mutane na shekara goma.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu shi ne I Love Lucy, Oktoban 1951 a CBS. Kamfanin taba na Philip Morris da ya ɗauki nauyi ya so a yi shi kai tsaye daga New York don masu kallo sun fi yawa a gabas kuma ba za a ba su kiniskop ba, su kuma taurarin shirin, Lucille Ball da mijinta Desi Arnaz, suka ce ba za su bar Los Angeles ba, sai aka daidaita a ɗauka a fim mai kyau da kyamara uku a gaban 'yan kallo, aka rage musu albashi su kuma suka riƙe mallakar fim ɗin, bayan 'yan shekaru CBS ta dawo ta saye shi da miliyoyin daloli. Ka ga kenan kiri ya zama iri biyu, wanda aka yi musamman don kiri irin na Ziv, da wanda ya gama zamaninsa a netwok aka sake sayarwa. Star Trek na cikin na biyun, NBC ta yanke shi a 1969 yana da kashi 79 kacal, a maimaici ne ya samu masoyan da suka raya shi.

Da netwok suka gane inda ribar take sai su ma suka koma fim suna neman kaso a mallaka, kasuwar irin su Ziv ta matse, Ziv ya sayar wa kamfanin fim na United Artists da kamfaninsa a 1960, haka aka tafi sai da FCC ta sa doka a 1970 ta hana netwok cin wannan kasuwa, daga nan aka ɓalle sashen kiri na CBS ya zama kamfanin Viacom.

Don haka in ka ce in zaɓa, a tasiri ni kiri zan ba. Waya ba ta tsallake teku ba amma gwangwani ya tsallake, da aka buɗe tashar WNTV a Ibadan a 1959 da talabijin ta Kaduna a 1962 irin waɗannan finafinan da ake saye suna cikin abin da aka riƙa cike awanni da su. Ka tambayi duk dattijon da ya ga talabijin a wancan lokacin game da fim ɗin kaboyi, ta wannan hanyar ya iso gare shi.