Ina Ya Dace a Karanci Dokokin Ƙasa da Ƙasa da Haƙƙin Ɗan Adam?

Wanda ya gama digirin farko yana neman ƙwarewa a dokokin ƙasa da ƙasa, musamman ɓangaren kare haƙƙin ɗan Adam, zai tarar da makarantu barkatai suna tallar kansu, kowace da hoton ɗalibai a gaban jerin tutoci. Ni dai abu biyu nake auna su da shi: ko za su sa ɗalibi ya rubuta ƙara ya kuma kare ta da bakinsa kafin ya fita, da kuma ko takardar da za su ba shi tana da asalin da za a iya bin diddiginsa.

A bisa wannan ma'auni, digiri na biyu na Cibiyar Haƙƙin Ɗan Adam ta Jami'ar Pretoria a Afirka ta Kudu shi ne ya fi kwanta mini a rai. An kafa cibiyar a 1986, lokacin da mulkin wariyar launin fata ke da sauran ƙarfinsa, ta kuma fara wannan kwas kan haƙƙin ɗan Adam da dimokuraɗiyya a Afirka a shekarar 2000. Shekara ɗaya ake yi, rabin farko a Pretoria, rabi na biyu kuma a rarraba ɗalibai zuwa jami'o'in da ke ƙawance da ita, irin su Makerere a Yuganda da Addis Ababa a Habasha da Gaston Berger a Senegal, inda kowa zai rubuta kundin bincikensa. Cibiyar ce ke shirya gasar kotun gwaji ta Afirka, wadda ta samo asali a 1992, kuma UNESCO ta ba ta lambar yabo ta koyar da haƙƙin ɗan Adam a 2006.

Amfanin wannan tsari yana fitowa ne ranar da mai ƙorafi ya zauna a gaban lauya. Kowa na iya haddace cewa an amince da Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam a 1981, ta fara aiki a 1986, amma sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa sai wanda aka horar. Hukumar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul ba ta karɓar ƙorafi sai an gama bin kotunan cikin gida, kotun haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Arusha ba ta sauraron mutum kai tsaye sai ƙasar da yake ƙara ta bayyana amincewa da hakan, ita kuwa kotun ECOWAS ba ta gindaya sharaɗin gama kotunan gida ba, kuma a gabanta ne Hadijatou Mani ta yi nasara kan gwamnatin Nijar a shari'ar bauta a 2008. Irin wannan bambanci ne ake ta nanata wa ɗaliban Pretoria har ya zauna musu. Sai dai gurbin kaɗan ne, masu nema kuwa daga duk faɗin nahiyar suke.

Makarantar dokokin jin ƙai da haƙƙin ɗan Adam ta Geneva da aka kafa a 2007 ta fi dacewa da mai son dokokin yaƙi, tun da tana maƙwabtaka da hedikwatar Red Cross, amma tsadar zama a birnin tana karya gwiwa. Jami'ar Leiden ta Holan ta mai sha'awar rikicin iyaka ce, irin shari'ar Bakassi da Kotun Duniya ta yanke a 2002. Jami'ar Essex ta Ingila tana da tsohon suna, iyakar abin da zan ce ke nan. Kwasa-kwasan bazara na makarantar dokokin ƙasa da ƙasa ta Hague, waɗanda aka fara a 1923, na 'yan makonni ne, kada a ɗauke su a matsayin digiri.

Inda ya fi buƙatar taka-tsantsan shi ne 'yan damfara, domin sun yi wa wannan fanni dandazo. Wani ƙanena ya taɓa kawo mini takardar da wata “cibiyar duniya” ta intanet ta ba shi bayan ya biya kuɗi kashi-kashi. Takarda ce mai kauri da hatimin ruwan zinariya, da zanen duniya tsakanin rassan zaitun da aka ɗan karkatar don ya yi kama da tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya, amma ba sunan jami'a ko lambar rajista a jikinta, kuma bai taɓa rubuta jarrabawa ba. Da ya kai ta wurin neman aiki, ko buɗe baki ba su yi a kanta ba.

Dabararsu kusan ɗaya ce. Sukan ce suna da matsayin ba da shawara a Majalisar Ɗinkin Duniya, alhali wannan matsayi ne da ake ba dubban ƙungiyoyi masu zaman kansu don su halarci taruka, ba izinin ba da digiri ba. Sukan ce UNESCO ta tantance su, alhali UNESCO ba ta tantance jami'o'i, hukumar ilimi ta ƙasar da makarantar take ita ke da wannan hurumi. Wasu kuma sukan haɗa da muƙamin “jakadan zaman lafiya” da katin shaida, kamar gyara a kan ciniki. Jami'o'in da ke da alaƙa ta gaskiya da Majalisar sanannu ne, kamar jami'arta mai hedikwata a Tokyo da Jami'ar Zaman Lafiya ta Kosta Rika wadda aka kafa a 1980.

Kafin a tura ko kwabo, a nemi sunan makarantar a kundin manyan makarantun duniya na WHED da kuma jerin hukumar ilimi ta ƙasarta, a duba ko malaman da aka lissafa suna da rubuce-rubucen da aka wallafa, sannan a rubuta wa ofishin magatakardar jami'ar da aka ce ita ke ba da digirin, ta adireshin da ke shafinta na ainihi, a tambaye su ko sun san da kwas ɗin.