Gargaɗi ga masu neman katangar kankare ta zubi a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ina haɗiye wannan magana, domin kunya ta hana ni faɗa wa ko da ƴan'uwana na jini, amma na ga cewa shirun da nake yi rufin asiri ne ga mutumin da ya karɓe mini Naira 1,850,000 da sunan zai kewaye filina da ke Gesse da katangar kankare, irin wadda ake zubawa a wani wuri a kawo a harhaɗa. Naira 1,850,000, kuɗin da na tara daga albashina da shinkafar da na noma a fadama bara.

Ina so a fahimta cewa ni ba mutum ne da ke ganin hoto a Facebook ya tura kuɗi ba. Filina ƙafa 100 ne da 100, an mayar da shi juji, maƙwabci kuma yana ta cin iyaka, ga damina tana ƙaratowa. Na zaɓi wannan katanga ce saboda ba ta buƙatar dogon tushe da yaɓe kamar ta bulo. Ana kafa ginshiƙai masu tsaga a gefe biyu cikin rami, a ɗaure gindinsu da kankare, sannan a zura allunan kankare cikin tsagar ɗaya bisa ɗaya, cikin ƴan kwanaki an gama. Na san dole ne a sa rodi a cikin kowane allo da ginshiƙi, na san kankare yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Duk na tambaye shi waɗannan abubuwa, ya amsa ba tare da inda-inda ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne gudumar nan. Ya kai ni wani wurin zubi a kan hanyar Kalgo, ga buhunan siminti a jibge, ga yashi da tsakuwa, ga alluna a jere an lulluɓe su da jiƙaƙƙun buhuna. Ya sa aka jawo allo guda, ya miƙo mini guduma ya ce, "Alhaji, fasa da hannunka, kada ka yarda da bakina." Sai da na buga sau huɗu kafin ya tsage, na ga rodi a ciki da idona, na taɓa shi da yatsana. Wane ne zai ga haka ya yi shakka? A nan tsaye, ƙurar simintin tana hannuna, na tura masa Naira 1,200,000 a matsayin kafin alƙalami.

Ashe wurin ba nasa ba ne. Wannan ban sani ba sai daga baya, ranar da na koma nemansa, wato bayan an kawo kayan farko, ko da yake kafin nan ya riga ya karɓi Naira 650,000 ta biyu. Ita wannan ya kira ni ne da daddare bayan sallar Isha'i, ya ce kuɗin rodi zai tashi da safe, idan ban tura ba aikina ne zai tsaya. Na ce masa, "Injiniya, amana ce fa tsakanina da kai." Ya ce, "Wallahi Alhaji, kai tamkar uba kake a wurina." Na tura. Naira 1,200,000 da Naira 650,000, jimilla Naira 1,850,000 daga cikin Naira 2,600,000 da muka yi ciniki.

Alluna 40 aka kawo a wata tsohuwar mota, babu ginshiƙi ko ɗaya. Tun wajen saukewa guda uku suka karye a hannun leburori. Birkilan da ya gina gidan Yayana ya ɗauki gutsure ya murtsuke shi da yatsu, ya koma gari kamar busasshen tuwo, ya ce wannan yashi ne aka nuna wa siminti, kuma bai wuce kwana uku da zubawa ba, an bar shi a ranar bazara babu ruwa. Da muka fasa wani, babu rodi, sai siririyar wayar ɗauri guda biyu. Daga wannan rana wayarsa a kashe take, ko sama ko ƙasa.

Mai wurin zubin na gaskiya, wani dattijo, ya shaida mini cewa mutumin ya zo ranar da ta gabaci zuwana, ya sayi allo guda ɗaya tak, ya ce zai kawo mai saye ya gwada. Wato allon da na fasa da gudumar nan nagari ne, na dattijon ne, an saye shi ne musamman domin ni in fasa. Ni kuwa na ga yara masu aiki suna gaishe shi, na ɗauka maigidansu ne.

Kada ku biya kowa sai kun san mai wurin ta bakin maƙwabta da mai unguwa. Ku fasa allo daga cikin kayan da aka sauke a filinku, ba wanda aka zaɓar muku ba, kuma ku biya bayan an kafa.

Na kai ƙara wurin ƴan sanda, na kuma rubuta wa bankina. Gobe in Allah ya kai mu zan ɗora hotunan hirarmu ta WhatsApp, da shaidar tura kuɗin sau biyu, da bidiyon allunan da suka ruguje, domin kada wani ya ce ƙage nake yi. Na ji an ce ya yi irin wannan a Jega da Argungu, saboda haka duk wanda aka taɓa miƙa wa guduma a kan hanyar Kalgo ya neme ni ta saƙo, mu haɗa ƙararmu wuri guda.