Wane gam ya dace da haɗa littafi da aikin ɗab'i?

Duk mai haɗa littattafai, rasit ko kalanda, in ya tambaye ni gam ɗin da zai saya, farin gam nake ce masa, irin su Top Bond. Da ruwa kamfani ke haɗa shi, ba shi da wari mai hawa kai, in ya bushe sai ya koma garai-garai kuma yana lanƙwasuwa, shi ya sa za a yi ta buɗe littafi ba tare da bayansa ya tsage ba. A jera shafuka, a matse su, a ɗan kankare bayan da wuƙa don gam ya samu wurin kamawa, a shafa siriri, a bari ya sha iska, a sake shafawa karo na biyu. Masu lafta shi da yawa su ne ke kukan takarda ta yi tamoji, don ruwan da ke cikinsa ne ke kumbura ta. Da hunturu yana saurin bushewa, sai a riƙa shafawa kaɗan-kaɗan. Da damina kuwa a danne aikin da abu mai nauyi ya kwana. Inda yake gazawa shi ne kan bangon da aka yi wa laminatin: ba ya kama leda, dole a bar wurin mannawa babu ita.

Gam ɗin inji da ake narkarwa a zafin digiri 160 zuwa 180 yana da sauri, amma bar littafin cikin mota a zafin Afrilu ka ga shafuka suna zubowa, musamman takarda mai sheƙi. Evo-Stik na masu takalmi ne, yana ratsa takarda ya bar tabo. Ƙullun rogo abincin kyankyaso da gara ne. Ƙaro a bar wa masu tawada, in ya bushe karyewa yake.

Babbar matsalar dai algus ce. Akwai masu tara tsofaffin robobin kamfani su cika su da gam ɗin da aka tsinka da ruwa, a zuba sitaci don kaurin ya dawo, a rufe kamar sabo. Na taɓa ganin littattafan rasit na wata makaranta sun warware tun ba a gama zango ba saboda irin wannan. Duba murfi ko an taɓa ɓalle shi. In ka buɗe ka ga ruwa ya taso sama, ko ka ji tsami, mayar. Kafin ka sayi babban bokiti, karɓi kaɗan ka shafa a kan leda, ka bari ya bushe, sannan ka ɓare. Mai kyau zai fito kamar fatar roba, ka ja ya miƙe. Na algus fari yake zama, ya farfashe a hannu. Wanda ake aunawa a kwalba babu suna, ko rabin kuɗi aka ce, kada ka kai shi kusa da aikin mutane.